Yadda Sakandaren Amurka Ke Zaƙulo Samari 'Yan Gudun Ratsa-Daji Ta Raine Su

A gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, masu bibiyar guje-guje da yawa sun sha mamaki. An saba ganin tseren dogon zango tamkar gadon gidan Kenya da Habasha, sai ga mazan Amurka sun kwashi lambobi biyar. Cole Hocker ya ci zinare a mita 1,500 cikin minti 3 da daƙiƙa 27.65, Yared Nuguse ya ɗauki tagulla a wannan tseren, Kenneth Rooks ya samu azurfa a mita 3,000 mai tsallake shinge da kududdufi, Grant Fisher kuma ya koma gida da tagulla biyu, a mita 5,000 da 10,000. Dukansu huɗu ta ƙungiyoyin gudu na makarantun sakandare suka biyo.

Ba a cika shekara ba, a watan Yunin 2025, wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun wata shari'a tsakanin 'yan wasan jami'o'i da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar. Cikin abin da sulhun ya haifar har da ƙayyade yawan 'yan wasan da ƙungiyar jami'a za ta iya ɗauka. Wannan ya jefa iyaye da masu horarwa cikin ruɗani, domin ya taɓa ƙarshen hanyar da yaran sakandare ke bi. Kafin a gane abin da ya sauya, sai an gane yadda hanyar take tun daga farkonta.

## Mene ne gudun ratsa-daji

Tsere ne da ake yi a kan ciyawa da turɓaya da taɓo, da hawa tudu da gangara, ba a kan kwalta ko zagayen filin wasa ba. Waɗanda suka yi makarantar kwana a Najeriya sun san shi da kuros-kantiri. Sakandare a Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12, wato yara 'yan shekara 14 zuwa 18. Kakar gudun tana farawa a watan Agusta, a rufe ta da gasar jiha a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. Nisan tseren samari kilomita 5 ne a mafi yawan jihohi. Jihar Illinois tana amfani da mil 3, kimanin kilomita 4.8, sannan shahararren filin Van Cortlandt da ke unguwar Bronx a New York yana da hanyar mil 2.5 ta 'yan sakandare. Tunda kowane fili da irin tuddansa, ba a gwada lokacin da yaro ya yi a wannan fili da na wancan kai tsaye.

Kowace jiha tana da hukumar wasannin sakandarenta, sai kuma wata tarayyar hukumomin da ake kira NFHS, mai hedikwata a Indianapolis, wadda ke rubuta dokokin tsere. A ƙidayarta ta shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, samari kusan 270,000 ne suka shiga wannan gudu. Gasannin ƙasa baki ɗaya kuwa kamfanonin takalma ne suka assasa su: ta San Diego, wadda aka fara a 1979 kuma ta yi suna da Foot Locker, da ta Nike da aka fara a Portland a 2004.

## Lissafin maki, tushen komai

Wanda bai fahimci yadda ake ƙirga maki ba, ba zai gane dalilin da ya sa koci ke yawon neman yara har da waɗanda ba su taɓa gudu ba. Kowace makaranta tana tsayar da mutum bakwai a sahun farko. Ana haɗa matsayin biyar ɗin da suka fara isowa, wadda ta fi ƙarancin maki ita ce ta yi nasara. Mafi kyawun abin da za a iya samu shi ne maki 15, wato ɗaya da biyu da uku da huɗu da biyar. Na shida da na bakwai ba a ƙirga nasu, amma duk abokin hamayyar da suka riga isowa sun ƙara masa maki ɗaya. Idan aka yi kunnen doki, na shida ne ke raba gardama.

A ɗauki misali. Makaranta ta farko tana da zarata uku da suka zo na 1 da na 2 da na 3, amma sauran biyun suka zo na 20 da na 30. Makinta 56. Makaranta ta biyu ba ta da ko ɗaya a cikin huɗun farko, amma yaranta sun zo na 5, 6, 8, 10 da 12. Makinta 41, kuma ita ce da kofi. A tseren makarantu biyu kaɗai lissafin ya sha bamban, domin duk wadda ta kama na ɗaya da na biyu da na uku ba ta faɗuwa: mafi munin makinta 29, mafi kyawun na abokiyar karawarta 30. Amma gasar yanki da ta jiha taron makarantu ashirin ko fiye ne, kuma a tsakiyar irin wannan cincirindo daƙiƙa goma na iya zama matsayi goma ko sama da haka.

Shi ya sa masu horarwa suka fi damuwa da tazarar da ke tsakanin yaronsu na farko da na biyar fiye da saurin na farkon shi kaɗai. Ƙungiyar da tazararta ba ta wuce daƙiƙa 30 zuwa 45 ba tana da wuyar kayarwa. Kuma tunda rauni da mura da faɗuwa jarrabawa na iya cire yaro a kowane mako, mai son biyar masu kyau a Nuwamba sai ya fara da talatin ko hamsin a Agusta. Daga nan aka samu al'adar da ta bambanta wannan gudu da ƙwallon kwando: a mafi yawan makarantu ba a tankaɗe da rairaya. Duk wanda ya zo, ya kawo takardar likita da sa hannun iyaye, ya shiga. Waɗanda ba su kai sahun farko ba suna da nasu tseren na sahu na biyu da na 'yan aji 9, a rana guda kuma a fili guda.

## Inda ake samo yaran

Mashiga ta farko ita ce darasin motsa jiki. A makarantu da yawa ana sa ɗalibai gudun mil ɗaya a riƙe agogo, wato zagaye huɗu na filin mita 400 da 'yar ƙari. Koci mai lura yana karɓar takardar sakamakon daga malamin darasin. Yaron aji 8 ko 9 da ya yi ƙasa da minti 6 ba tare da wani horo ba, ana zuwa a same shi ido da ido. Haka aka gano Nuguse a makarantar duPont Manual da ke Louisville: malamin motsa jiki ne ya ga saurinsa ya tsegunta wa kocin gudu, alhali shi yaron bai ɗauki kansa ɗan tsere ba.

Mashiga ta biyu ita ce sauran wasanni, musamman ƙwallon ƙafa. Ɗan tsakiyar da ya shekara shida yana kai-komo a fili ya riga ya gina huhu da ƙafa. Fisher ya haɗa ƙwallo da gudu a Grand Blanc ta jihar Michigan kafin ya tattara hankalinsa wuri guda, ya ci gasar Foot Locker a 2013 da 2014. Galen Rupp, mai azurfar mita 10,000 a Olamfik ta Landan a 2012, shi ma daga filin ƙwallo aka ɗauko shi a Portland. Matsalar ita ce a jihohi da yawa kakar ƙwallon ƙafa ta samari tana cin karo da ta gudun, don haka sai yaro ya zaɓa, ko makaranta ta yarda ya haɗa biyun. Akwai kuma 'yan kokawa da 'yan kwando da ke shigowa don su murje jiki kafin tasu kakar ta hunturu, wasunsu su zauna ke nan.

Sai waɗanda aka sallama daga wasu ƙungiyoyi. Jim Ryun, ɗan sakandare na farko da ya gudu mil ɗaya ƙasa da minti 4, a 1964, ya gwada wasu wasannin bai samu shiga ba kafin ya faɗa gudun ratsa-daji a Wichita ta jihar Kansas. Ƙwararren koci yakan nemi sunayen waɗanda aka sallama daga gwajin ƙwallo a makon farko na zangon karatu, domin a ranar da yaro ya ji ba a son sa a wani wuri ya fi saurin amsa gayyata.

Amma mafi yawan yara ba ta waɗannan hanyoyi suke zuwa ba. Aboki ne ke jawo aboki, ƙane ya bi sawun wa. A nan ne sunan Joe Newton ke fitowa. Ya horar da makarantar York da ke Elmhurst a Illinois daga 1960 zuwa 2016, ya ci kofin jiha sau 28, ƙungiyarsa kuma ta ci gasar Nike ta farko a 2004. A wasu shekarun yaransa sun kai ɗari biyu. An san shi da laƙaba wa kowane yaro suna, da yin musabaha da kowa a kowace rana, daga gwani har na kashin baya. Abin kamar wasa, amma dabara ce ta riƙe mutane: yaron da ke gama kilomita 5 cikin minti 25 a aji 9 ba ya ganin kofi ko sunansa a jarida, abin da zai dawo da shi gobe shi ne a san ya zo. Kuma a cikin irin waɗannan yara ake samun na huɗu da na biyar bayan shekara uku.

Wasu makarantun daga al'adar garinsu suke ɗiba. Makarantar al'ummar Hopi a Arizona, ƙarƙashin koci Rick Baker, ta ci kofin jiha a rukuninta sau 27 a jere, daga 1990 zuwa 2016. Gudu daɗaɗɗen abu ne a al'adar Hopi, kuma ɗansu Lewis Tewanima ya ci azurfar mita 10,000 a Olamfik tun 1912. A McFarland ta Kalifoniya, Jim White ya gina ƙungiya da 'ya'yan ma'aikatan gona, ta ci kofin jiha a 1987, ta ci gaba har sau tara.

## Abin da doka ta hana

Duk wannan nema a cikin makaranta ake yin sa, ko a ƙananan makarantun da ke turo mata ɗalibai. Zawarcin yaron wata makaranta saboda wasa laifi ne a dokokin hukumomin jihohi, kuma a wurare da yawa wanda ya sauya makaranta ba tare da iyayensa sun sauya mazauni ba sai ya zauna wani lokaci bai yi gasa a sahun farko ba. Yawancin jihohi suna hana wanda ya cika shekara 19 kafin farkon shekarar karatu, suna ba da zango takwas kacal daga shiga aji 9, suna kuma gindaya sharaɗin cin darussa.

A nan akwai saɓani. Makarantun gwamnati galibi 'yan unguwarsu suke ɗauka, masu zaman kansu kuwa suna karɓar ɗalibi daga ko'ina. Edward Cheserek ya taso daga Kenya zuwa makarantar St. Benedict's da ke Newark, ya ci Foot Locker a 2011 da 2012. Masu sukar irin wannan suna cewa ba a tashi daga layi ɗaya ba. Masu kare shi suna cewa ƙofar ilimi ce aka buɗe wa yaro, kuma haɗuwa da gwani na ɗaga darajar sauran. Wasu jihohin sun raba gasar makarantun gwamnati da ta masu zaman kansu, wasu kuma suna tura masu zaman kansu rukunin da ya fi girman yawan ɗalibansu.

## Rainon shekara huɗu

Ana cin tseren Nuwamba ne a watan Yuni da Yuli. Hutun bazara, kimanin mako goma, shi ne lokacin aza harsashi: gudu a hankali, kusan kullum, a saurin da yaro zai iya hira da na kusa da shi. Wannan tunani ya samo asali daga Arthur Lydiard na New Zealand, wanda ya nuna a shekarun 1960 cewa dogon gudu a sannu shi ke ɗaukar nauyin sauri daga baya. Jihohi da dama sun taƙaita hulɗar koci da yara a lokacin hutu, don haka manyan ɗalibai ne ke tara 'yan'uwansu da sassafe.

Sabon shiga ba ya farawa da kilomita. Ana fara masa da minti: 15 zuwa 20, gudu haɗe da tafiya, kwana huɗu ko biyar a mako. Bayan mako shida zuwa takwas yakan iya minti 30 zuwa 40 bai tsaya ba. Abin da aka saba gani a ƙungiyoyi masu tsari shi ne ɗan aji 9 ya yi kilomita 25 zuwa 40 a mako, ɗan aji 10 ya yi 40 zuwa 55, ɗan aji 11 ya yi 55 zuwa 75, ɗan aji 12 ya kai 65 zuwa 95. Ƙa'idar da aka fi ambata ita ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin ɗari, kuma bayan mako uku na hawa a sauko mako ɗaya. Ba doka ce da bincike ya tabbatar daidai wa daida ba, amma tana taka wa mai gaggawa birki. Abin lura shi ne ana auna yaro da shekarun da ya yi yana gudu, ba da ajinsa ba. Ɗan aji 11 da ya shigo bana sabon shiga ne, ko da ya fi kowa tsawo.

Idan kaka ta kankama, makon ɗan sahun farko yakan kasance kamar haka. Ranar Litinin gudu mai ɗan zafi na minti 20, a saurin da zai iya furta kalma uku ko huɗu amma ba hira ba, wanda yakan gaza saurin tserensa da daƙiƙa 15 zuwa 20 a kowace kilomita. Talata gudu mai sauƙi na minti 40 zuwa 50. Laraba maimaici: mita 1,000 sau biyar a saurin tsere, da sassarfar minti 2 zuwa 3 a tsakani, ko hawa tudu na minti ɗaya sau takwas zuwa goma. Alhamis mai sauƙi. Juma'a minti 25 da 'yan fizge-fizge, wato gajeren gudu da sauri, na mita 100 sau shida. Asabar tsere, in babu kuma dogon gudu wanda bai wuce rubu'in jimillar mako ba. Lahadi hutu. Kusan kashi huɗu cikin biyar na duk gudun mako mai sauƙi ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne samari su mai da ranar sauƙi ranar gasa da juna, sai su iso ranar aiki a gajiye, ba su huta ba kuma ba su ƙaru ba.

Ana haɗawa da ƙarfafa ƙugu da ciki da ƙwauri sau biyu ko uku a mako, minti 15 zuwa 20. Kwana 10 zuwa 14 kafin gasar jiha ana rage yawan gudu da kamar rubu'i zuwa sulusi, a bar saurin yadda yake. Sannan akwai koyon tseren kansa: kada a fita da ƙarfi fiye da kima a mita 400 na farko, yadda ake gajarta taku a hawan tudu, yadda ake ci gaba da matsawa bayan an kai ƙololuwa maimakon a saki jiki, da yadda yara uku ko huɗu za su tafi a dunƙule su ja juna.

Sakamakon yakan bayyana a agogo. Sabon shiga na yin kilomita 5 cikin minti 22 zuwa 26. Ɗan sahun farko a makaranta matsakaiciya yana tsakanin 17 da 18. Mai neman suna a jiha sai ya sauka ƙasa da 16, na ƙasa baki ɗaya kuma ƙasa da 15. A Disambar 2021 a Huntsville ta jihar Alabama, yara uku na makarantar Newbury Park ta Kalifoniya, Colin Sahlman da tagwaye Leo da Lex Young, sun gama kilomita 5 tsakanin minti 14:03 da 14:05.

Wani abu da ke rikita lissafi shi ne balaga. Tsakanin shekara 14 da 17 jikin namiji na ƙara tsoka da jini, don haka kusan kowane yaro yana ƙara sauri ko da horon bai da kyau. Wanda ya riga sa'o'insa girma yakan yi fice a aji 9, a ɗauka baiwa ce, sai a aji 11 ƙananan su kamo shi. Kocin da ya zuba duk kulawarsa kan mai saurin yau yana iya sakaci da wanda zai fi kowa gobe. Alamun da ƙwararru suka fi dubawa su ne yadda yaro ke amsa horo bayan wata uku, yadda yake warwarewa daga gajiya, da ko yana zuwa a ranar ruwan sama.

## Gardamar yawa da kaɗan

Tambayar da ta fi raba kan masu horarwa ita ce nawa ne ya isa. Bayan Ryun a 1964, da Tim Danielson a 1966, da Marty Liquori a 1967, babu ɗan sakandaren Amurka da ya sake sauka ƙasa da minti 4 a mil sai Alan Webb a 2001. Masu ra'ayin yawan gudu suna ɗora laifin wannan fari na shekara 34 a kan yayin da aka shiga na rage kilomita a ƙara zafi. Hujjarsu ita ce zuciya da jijiyoyi shekaru suke ɗauka kafin su ginu, kuma takwarorin yaran a Kenya suna tasowa da tafiyar ƙafa mai yawa a tsaunuka. Sukan kawo misalin makarantar St. Patrick's da ke Iten, a tsayin kimanin mita 2,400, inda Colm O'Connell ɗan Ireland ya zo koyarwa a 1976, kuma ta fitar da irin su Peter Rono, mai zinaren mita 1,500 a 1988.

Ɗaya ɓangaren yana cewa aikin sakandare shi ne ta miƙa yaro ga jami'a da sauran wurin ci gaba a jikinsa da zuciyarsa. Yaron da ke yin kilomita 120 a mako yana ɗan shekara 16 ya riga ya ci rabonsa na gaba, kuma ga haɗarin rauni da gundura. Sukan nuna Fisher, wanda bai yi yawan gudun wasu sa'o'insa a sakandare ba amma ya kai dandamalin Olamfik yana ɗan shekara 27.

Kowane ɓangare yana da gwanayen da zai nuna, kuma raunin hujjar duka biyun ɗaya ne: ana ƙirga waɗanda suka yi nasara, ba a ƙirga waɗanda suka daina. Abin da ba a gardama a kai shi ne tsalle kwatsam, daga kilomita 30 zuwa 70 cikin wata guda, ya fi kowace lamba illa. Yanzu da 'yan sakandaren da suka karya minti 4 sun haura ashirin, an ƙara wata gardamar: nawa ne na horo, nawa ne na sababbin takalma masu faranti da soso mai tsalle da suka bazu tun daga 2017.

## Inda abin ke lalacewa

Rauni mafi yawa shi ne ciwon ƙwauri, kuma ya fi kama yaron da bai yi gudun bazara ba ya faɗo cikin cikakken horo a Agusta. Idan ciwon ya bazu a tsawon ƙashin kuma yana lafawa bayan jiki ya ɗumama, rage gudu da komawa kan ciyawa na iya isa. Idan ya tattaru wuri guda da za a iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da gudu, ko yaro ya kasa tsalle da ƙafa ɗaya, ana zargin tsagewar ƙashi. Wannan aikin likita ne, kuma yakan ci mako shida zuwa takwas ko fiye, wato kakar ta tafi. Masu tsakiyar girma kuma suna fama da ciwon ƙasan gwiwa da na diddige, inda jijiya ke jan ƙashin da bai gama ƙwari ba. Takalmin horo yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na sheƙi.

Sai ƙarancin abinci. An daɗe ana ɗaukar wannan matsalar 'yan mata ce, amma a 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayaninta ya haɗa da maza. Saurayin da ke girma kuma yana gudun kilomita 70 a mako, in abin da yake ci bai biya abin da yake ƙonawa ba, ƙashinsa na yin rauni, ya riƙa yawan rashin lafiya, saurinsa ya tsaya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini shi ma yana sa yaro ya riƙa haki a gudun da ya saba yi cikin sauƙi. Gwajin jini ne ke nuna shi, kuma ba a shan maganinsa da ka, domin yawansa ma cuta ne. Barcin da likitoci suka shawarta ga 'yan 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 ne, abin da horon asuba da aikin gida ke yawan cinyewa.

Mafi haɗari shi ne zafi, tunda kakar na farawa a tsakiyar bazara. Ana ba jiki kamar mako biyu ya saba, a fara da gajeren horo da safe ko da yamma. Yaron da ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya faɗi, ana ɗaukar sa a matsayin wanda zafi ya buge. Idan zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40, ƙa'idar ita ce a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take a wurin, a sauko da zafin, sannan a wuce asibiti.

## Sabuwar dokar jami'o'i da abin da ta jawo wa iyalai

A tsohon tsari, jami'ar rukuni na ɗaya, wato babban rukunin gasa na NCAA, tana da kwatankwacin cikakken tallafin karatun mutum 12.6 kacal da za ta raba wa duk mazan guje-guje da tsalle-tsalle, har da 'yan ratsa-daji, amma hukumar ba ta ƙayyade yawan 'yan ƙungiya ba. Don haka akwai wuri ga yaron da ya zo ba tallafi, ya yi shekara biyu yana bin baya, sannan ya fito. Daga 1 ga Yulin 2025, jami'o'in da suka shiga sulhun an ɗage musu iyakar tallafi, aka sa musu iyakar mutane: 17 a gudun ratsa-daji, 45 a guje-guje da tsalle-tsalle. An keɓe waɗanda suke ciki tun kafin dokar don kada a kore su saboda ita.

Masu goyon baya suna cewa yanzu jami'a na iya ba kowane ɗan ƙungiya cikakken tallafi. Masu adawa suna cewa iyawa daban, yi daban, tunda kuɗin ya fi karkata ga ƙwallon Amurka da kwando, kuma gurbin da ya ragu yanzu ana takararsa da ɗaliban da suka sauya jami'a da 'yan gudun da ake ɗaukowa daga ƙasashen waje, ciki har da Kenya. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai jinkirin girma, yaron da tsarin sakandare ya ginu a kan yi masa haƙuri. Akwai fargabar cewa hakan zai tura iyaye su matsa wa 'yan aji 10 da 11 neman lokaci mai kyau da wuri, ta hanyar ƙarin kilomita da koci na kuɗi da sansanin horo a tsaunuka irin su garin Flagstaff na jihar Arizona.

Ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya mazauna Bronx, waɗanda filin Van Cortlandt ke bakin ƙofarsu, shiga gudun a sakandare bai sauya ba. Abin da ake buƙata shi ne gwajin likita kafin kaka, takalmin horo na kimanin dala 100 zuwa 150, takalmi mai ƙusoshi in yaro ya kai sahun gasa, da kuɗin shiga wasa a gundumomin da ke karɓa, wanda akan yafe wa marasa hali in sun nema. A shekarun nan azumin Ramadan ba ya faɗowa cikin kakar ratsa-daji, sai a watannin Fabrairu da Maris, lokacin gudun fili, inda ake iya daidaita lokacin horo da koci. Bayan sakandare kuma, sabuwar iyakar ba ta shafi jami'o'in rukuni na biyu da na uku ba, haka ma kwalejojin shekara biyu. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan, sai na ƙwazon karatu da na buƙata, don haka a can sakamakon aji ne ke biyan kuɗin makaranta, kuma tseren maza a gasar ƙarshe kilomita 8 ne, maimakon 10 na rukuni na ɗaya da na biyu.